Ɗigon Jan Farce

Zomo ake ce masa, ba don gudu ba, don ko ruwan sama ya tsuge ba a taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba. Kunne ne ya jawo masa sunan. Tun yana gyaran injinan watsa shiri a gidan rediyo, kafin allura ta motsa a kan ma'auni shi ya riga ya karkata kai ya ce, "Wannan ta zame." A duba kuwa a tarar ta zame. Da ya yi ritaya sai ya kwashe tarkacen uwargidansa daga ɗakin ajiya na bayan gida, ya kafa teburi, ya rataye wayoyi a ƙusa, ya ce ya samu ofis. Ita kuma ta ce ta yi asarar ɗaki, ta yi asarar miji.

A kusurwar teburin akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, kullum da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. A cikinsa akwai ɗan dutsen kiristal, wanda in an ba shi wuta yake kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa guda. An rufe shi cikin 'yar tanda don kada sanyi ko zafi su canza masa bugu. Da wannan bugun ake gwada duk wata na'ura da ta shigo ɗakin, a gane ko tana kan layinta ko ta kauce. Uwargida takan leƙo ta ce, "An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To, ga dutse a wuta shekara da shekaru, yaushe za mu sha romon?"

Sai dai shi ma dutsen yana tsufa, yana zamewa kaɗan kaɗan. Don haka kowace safiya Zomo yakan sa abin sauraro a kunne, ya kamo wata tasha mai nisa da ba ta da aiki sai busa sauti ɗaya tsayayye, ya haɗa da bugun dutsensa. In ba su yi daidai ba, sai a ji sautin yana lilo, wuu, wuu. Ya ɗauki siririyar sukundireba ya murɗa wani ɗan sukuru a jikin akwatin, lilon ya yi ta raguwa har ya kwanta. Nan ne fuskarsa take sakewa.

Abokansa tsofaffi ne masu sha'awar rediyon magana da mutanen nesa, kuma wurinsa suke kawo nasu ya daidaita. In ya gama, yakan ɗiga jan farcen uwargida a kan sukurun da ya murɗa, ya bushe ya kama shi. Kowa ya san ma'anar jan ɗigon nan: Zomo ya taɓa, kada wani ya taɓa. Sukuru ɗaya ne a duniya bai taɓa ɗiga wa ba, na akwatinsa, tunda shi kullum sai an murɗa.

Uwargida ce ta fara lura cewa jinsa ya ragu. Ta kira shi cin abinci daga bakin ƙofa, shiru, sai da ta dafa kafaɗarsa. Shi kuwa ya riga ya sani. Wani siririn fito ya tare a kunnensa na hagu, ba ya fita, kuma in ya sa abin sauraro ba ya iya rabe lilon tasha da nasa. Bai gaya wa kowa ba. Ba kurumtar ce ta fi ba shi tsoro ba. Tsoronsa shi ne ranar da bencin ɗakin nan zai zama babu kowa, babu musu, babu shayi, babu mai cewa, "Zomo, saurara min wannan."

Ranar kuwa ta fara matsowa. Akawu, amininsa tun samartaka, ya kawo rediyo, aka daidaita, aka ɗiga ja. Bayan kwanaki masu magana da Akawu daga nesa suka ce masa ya kauce daga layi. Akawu bai faɗa wa Zomo ba. Ya ci gaba da zuwa yana shan shayi, amma hannu rabbana. Sauran ma haka, ɗaya bayan ɗaya. Zomo yana kallon hannayen nan marasa kaya, abin yana cin sa a rai.

'Yarsa ta fari mai awon filaye ce, a gida kowa Safiyo yake ce mata. Wata Asabar ta shigo ɗakin ta zauna a kan bencin, ta ɗaga murya yadda ba ta saba ba.

"Baba, taurarin ɗan Adam da nake awo da su, kowanne yana ɗauke da agogon da ba ya kuskure. Akwai 'yar na'ura da ke kamo su, ta ba ka bugu ɗaya cif a kowace daƙiƙa. In ka haɗa ta da kiristal, sai tauraron ya riƙa ladabtar da shi."

"Ladabtarwa? Dutsen nan ya girme ki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ai wannan yaron ya wuce rimi, Baba."

Ya so ya yi dariya, ya danne. Ta nuna masa a waya iri biyu: akwai haɗaɗɗe, a jona kawai, akwai kuma wanda mutum zai harhaɗa da kansa. Ya ce haɗaɗɗen na malalata ne. Gaskiyar magana, in ya saye shi, tsohon dutsensa ya zama abin tokare ƙofa ke nan, shi kuwa ba zai iya ganin haka ba. Ya zaɓi ya harhaɗa, dutsen ya zauna a tsakiya.

Aikin ya dawo masa da ƙuruciya. Safiyo ta hau rufi ta kafa 'yar eriya inda take ganin sama ba shamaki, yana ƙasa yana ba ta umarnin da ba ta buƙata. Ya like wayoyi da dalma, ya haɗa ɗan allon da zai ƙirga bugun dutsen tsakanin daƙiƙa da daƙiƙa. In bugun ya yi yawa ko ya gaza, allon ya rage ko ya ƙara wa dutsen wuta 'yar mitsitsiya, a hankali, har ya dawo hanya. Ya sa ƙaramar fitila: ja tana nufin ana nema, kore tana nufin an kama.

Fitilar ta ƙi tsayawa a kore. Da yamma ta ɗan yi kore, washegari kafin hantsi ta koma ja. Ya canza waya. Ya zargi bishiyar maƙwabci. Ya zargi masu ƙera tauraro, ya ce yaran zamani ne, aikinsu ke nan. Aka ci makonni a haka.

Wata safiya uwargida ta kawo shayi, ba ta fita ba. Ta tsaya tana kallo ya sa abin sauraro, ya lumshe ido, hannunsa ya lalubo sukundireba ba tare da ya duba ba, ya murɗa sukurun. Fitilar da ta kwana kore ta koma ja a gaban idonta. Ta zagayo ta damansa.

"Malam, me ka murɗa yanzu?"

"Ya ɗan zame ne, na gyara."

"Wa ya ce ya zame?"

Ya dubi sukundirebar da ke hannunsa.

"Ni ban san aikinku ba," in ji ta. "Amma na ga tauraron nan ya yini yana jan abin nan gabas, kai kuma ka wayi gari ka ja shi yamma. Yaro ba ya jin magana in uwa ta ce zauna, uba ya ce tashi."

Sabo turken wawa. Hannun nan ya yi shekaru yana wannan murɗi kafin karin kumallo, har Zomo bai lissafa shi cikin abubuwan da ake zargi ba. Ya cire abin sauraron ya ajiye. Fiton yana nan a kunnensa, babu tasha, babu dutse. Kunya ta kama shi, sannan baƙin ciki, irin na wanda aka ce ya miƙa makullin gidan da ya gina.

Ya ɗago ya dubi uwargida. Can ya ce, "Ina jan farcen nan?"

Ta ɗauko. Ya mayar da sukurun tsakiya, ya tsoma ɗan burushin, ya ɗiga. Ɗigon ya fi na kullum girma. Ya miƙa mata sukundirebar ya ce ta ajiye inda ba zai gani ba.

Kwanakin da suka biyo sun yi masa wuya. Yakan shigo da safe ya tsaya hannu a baya, kamar baƙo a ɗakinsa. Fitilar ta yi kore, ta kwana kore, ta ci mako kore. Uwargida ta ce to, romo ya fara ƙamshi.

Da kansa ya aika wa Akawu cewa ya zo da rediyon. Akawu ya zo yana ta kame-kame, wai ai lafiyarta ƙalau. Zomo ya buɗe murfin, ya jona ta da akwatin, lambobi suka fito. Ta kauce, ba kaɗan ba. Ga jan ɗigonsa a kan sukurun, bai ko tsage ba, balle a ce wani ne ya taɓa.

Ya ari sukundireba wurin uwargida. Ya kankare jan da farcensa, ya murɗa yana kallon lambobin har suka tsaya, ya ɗiga sabo.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Akawu ya juya kofin shayinsa. "Ai ba don rediyo nake zuwa ba."

Sai a lokacin Zomo ya lura cewa ya ji maganar sarai, ko da yake a hankali aka yi ta. Tun samartaka Akawu a hagunsa yake zama. Yanzu ga shi a dama, ya jawo kujera ya matse tsakanin teburi da bango, gwiwarsa tana gugar akwatin wayoyi. Zomo ya yi ƙoƙarin tuna yaushe ya koma can, ya kasa. An daɗe.

"Wurin nan ai ya yi maka ƙunci," in ji shi.

"Na saba," in ji Akawu. "Zuba min shayi."