Dattijon da Ke Sauraron Ƙwallonsa

Mai yankan ciyawa a filin golf ya kashe injinsa yana jira, don wani dattijo na tsaye a wurin bugu, ya daɗe bai buga ba. Dogo ne, farar rigarsa ta sha guga, amma sandar bugun ƙwallonsa ta tsufa har mariƙinta ya sulɓe. Yana ta gyara tsayuwa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

Da ya buga, bai bi ƙwallon da ido ba. Kai ya karkatar yana saurare.

"Kash, na ɓata," in ji shi. "Ta faɗa cikin bishiyoyi. Da can ba na irin wannan."

Mai yankan ciyawa kuwa ya ga saukarta, taku huɗu daga tutar da ke nuna rami. Shekararsa goma sha ɗaya a filin nan. Ya saba da masu buga shirme suna yabon kansu, da masu tsaki kan bugu mai kyau, amma wannan daban ne. Ya ce a ransa: anya mutumin nan yana ganin tutar ma? Ƙila bai gaya wa kowa a gida ba. Ƙila ma shi ya tuƙo kansa.

"Baba, ai ga ta can dab da rami."

Dattijon ya ƙura ido wani gefen daban, ya yi murmushin yaƙe.

"Na gani," ya ce. Can ya rage murya. "Ɗana, in ba damuwa, shige gaba in bi ka."