Ranar da Cokalin Iya Ya Faɗi

Makon jiya na shiga wani shagon kayan miya a titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar waje da muke zaune, warin daddawar Yarbawa ya buge ni, sai na ji ni kamar ina 'yar shekara tara.

A lokacin muna zaune a hawa na biyu, Iya tana ƙasa da mu. Tsohuwa ce Bayarabiya, ta zo renon jikoki wajen 'yarta da muke kira Anti, jikokin suka girma ita ba ta koma ba. Ta daɗe tana sayar da atamfa a Jos, garin iyayena, Hausarta ta fi tawa nesa. Mamana ba ta tashi daga aiki sai yamma, don haka motar makaranta na sauke ni, sai ɗakin Iya. Ni ba mai magana ba ce, ita kuwa ba ta jure shiru.

Tana girki tana koya mini Yarbanci. Ọkọ miji, ọkọ̀ mota, ọkọ́ fartanya. A kunnena duk ɗaya ne, sai ta riƙa tsayar da cokali, ta saukar, ta ɗaga, har na fara jin hawa da saukar muryar. Ta ce àlùbọ́sà albasarmu ce, fatake suka kai musu da sunanta. Ta ce a Legas gida ilé ne, amma a ƙauyensu na Ekiti ulé ake cewa, kuma tun ranar da aka yi mata dariya a birni tana budurwa ba ta sake faɗa ba. Duk ina rubutawa a bayan littafin makaranta.

Wata Laraba, ganyen itatuwa ya fara ja, na tarar tukunya tana ƙauri, Iya na zaune ba ta kula ba.

"'Yar Jos, zo mu yi karatu," ta ce.

Ta ɗaga cokalin, ya suɓuce. Ta faɗi kalmomin nan uku, suka fito iri ɗaya, a kwance, ba hawa ba sauka. Gefen bakinta ya karkace. Sai ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta ce, "Ulé."

A makaranta an taɓa nuna mana hoton fuska irin wannan, aka ce alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kada a jira. Amma Anti ta ja mini kunne tun farko: komai ya faru ita za a kira, ban da hukuma, domin takardun zaman Iya a ƙasar sun ƙare. Na kira Anti sau uku, a gidan tsofaffin da take aiki ba a riƙe waya. Mamana ma ba ta ɗauka ba. Na kashe murhu. Na tsaya ina kallon yawu yana sauka kan zanen Iya, ina tunanin in na kira za a tafi da ita, in ban kira ba ma za ta tafi.

Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, na danna lambobi ukun nan na kiran agajin gaggawa, na faɗi adireshinmu sau biyu.

A asibiti Anti ta iso da kayan aikinta a jiki.

"Wa ya ce ki kira?"

Na sunkuyar da kai. Sai ta durƙusa ta riƙe hannuwana tana kuka.

Iya ta rayu, kuma ba wanda ya zo kama ta. Sai dai Hausarta ba ta dawo ba, Yarbancin Legas ma haka. Maganar ƙauye kawai ta rage mata, wadda jikokinta ba sa ji. Da bazara aka mayar da ita gida.

Yanzu wasu ɗalibai ne a ɗakin Iya, mukan gaisa da Turanci a matakala. Na sayi daddawar nan ko da yake ban iya miyarta ba. Da na dawo na buɗe tsohon littafin, na tarar ulé a ƙasan shafi, a gefensa na rubuta da fensir: Iya ba ta faɗin wannan.