Mai Karatun Laka a Tashar Illela

Muna jiran motar Sakkwato ta cika, sai idona ya faɗa kan wani dattijo a gefen benci. Tabaransa ya tsage a gefe ɗaya, farcensa duk baƙar laka, ga wani dogon bututu naɗe da tsumma a cinyarsa. Direba ya zo zai ɗora bututun saman mota, ya hana.

Wata hajiya da ke kusa da shi ta ce, "Malam, mi ke cikin abin ga?"

"Laka ce, Hajiya, daga ƙasan tafkin ƙauyenmu."

Ya ce shekara talatin yana haƙo irinta yana karantawa, don kowane hawa nata, ɗaya bisa ɗaya, yana nuna yawan ruwan da aka yi tun kafin kakanninmu. Ɗalibai a jami'o'in ƙasashen waje suna karatu da abin da ya rubuta. Amma tafkin da mahaifinsa ya yi kamun kifi a ciki ya ƙafe, wannan ce lakar ƙarshe mai danshi da ya samu.

Rana tana dukanmu, leɓensa a bushe, amma ruwan gorarsa kan tsumman yake yayyafawa a hankali. Ina jin ba bacci sosai ya yi ba tun da ya ga tsagaggiyar ƙasar tafkin.

Hajiya ta ce, "To, ruwan na dawowa?"

Ya ce, "Abin da ya wuce kawai na iya karantawa, Hajiya."