Ranar da na tallata Yohanna

Ku da kuka gama karatu bana kuna yawan tambayata me ya sa a taronmu na wata-wata ba a barin mutum ya gabatar da kansa. Dalilin wata ranar Asabar ce da har gobe ba ta fita raina ba.

Lokacin na kammala digiri na biyu a fannin kasuwanci a nan Dubai, ina zaune a International City. Bizar ɗalibi kuwa karatu take bi. Kana gamawa, in ba ka sami kamfanin da zai yi maka ta aiki ba, sai gida. Tawa saura ƙiris, ga takardun neman aiki na aika har na gaji, shiru kake ji.

Sai na ji labarin ƙungiyar nan tamu ta 'yan Afirka da suka yi karatu a nan, wai tana haɗa masu neman aiki da manajoji a wani ofis a Al Khabaisi. Tsarin lokacin shi ne kowane manaja da teburinsa. Ka zauna gabansa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ka iya, a kaɗa ƙararrawa, ka matsa gaba.

Ni kuwa Bakano ne. Na zauna gaban na farko, na tambaye shi gajiya, na tambayi aiki, na tambayi iyali. Ina gyara zama in shiga magana, ƙararrawa ta kaɗa. A tebur na biyu na gajarta gaisuwa, amma da aka ce in faɗi abin da na fi kowa iyawa sai bakina ya yi nauyi. A gidanmu in ka yabi kanka, dariyar da za a yi maka ta ishe ka shekara.

Da aka tashi shan shayi na hango Yohanna, ɗan Kafanchan, abokin karatuna, ya rakuɓe jikin bango. Shi ma bizarsa ta kusa.

"Mutumina, ya ake ciki?"

"Malam Nasiru, khalas, tawa ta ƙare. Ko sunana da ƙyar na faɗa."

"To tunda ba mu iya yabon kanmu, ni in yabe ka, kai ka yabe ni."

"Za su yarda?"

"Yalla, mu je mu gani."

Muka zauna tare gaban wata manaja 'yar Kenya daga wani kamfanin kargo a Jebel Ali. Tun kafin mu fara ta ce gurbi ɗaya gare ta, na mai kula da sito. Muka dubi juna. Ni na fara, kuma abin mamaki sai ga bakina ya buɗe. Na ba ta labarin lokacin da muke horon aiki, Yohanna ya lura na'urar sanyin wata kwantenar magani ta tsaya. Ba aikinsa ba ne, amma ya tsaya a kanta cikin zafin nan na Dubai, ya hana kowa sakat har aka gyara. Na ce in ya ce kaya za su fita gobe, to a je a yi barci.

Ta juya wajensa. Yohanna ya share gumi, ya ce, "Wannan... mutumin kirki ne." Ya nisa. "Yana da kirki sosai." Sai ƙararrawa.

Shi ta ɗauka. A bas muna komawa na yi masa murna da gaske, kuma raina ya sosu da gaske, duka biyun. Yana ta ba ni haƙuri, har da cewa zai ƙi aikin. Na ce in ya kuskura, ni da shi har abada.

Na fara haɗa kayana sai ga wayar matar nan. Ta ce sashen nemo abokan ciniki na buƙatar mutum, kuma ta ga yadda nake talla. Na yi dariya na ce ai abokina bai faɗi komai a kaina ba.

Ta ce, "Haka na zata da farko. Da na tuna kun san gurbi ɗaya ne, kuma ka yabe shi haka, sai na gane da ya ce kana da kirki, ya faɗi duk abin da nake buƙata."

A sashen nake har yau, Yohanna kuma shi ne babba a siton. Da aka ba ni shugabancin taron nan, ƙararrawar na fara ajiyewa a aljihun tebur. Abin da na koya shi ne a harkarmu takarda kan kai ka bakin ƙofa, amma sai wani ya tsaya maka ake buɗewa. Don haka kowa ya dubi na kusa da shi, ku gaisa sosai, ba mai kora. In an jima shi za ka tallata.