Dutsen da Na Cire a Kwatar Layinmu

Layinmu a Muchia gangare ne. Gidan da muka kama haya ni da matata, shekarar da muka yi aure, shi ne na farko daga sama. Gidan Iya mai injin markaɗe kuma shi ne na ƙarshe a ƙasa, gab da kwalbatin da ke fitar da ruwa zuwa babban titi. Kwata ɗaya ce ta haɗa mu duka. Duk abin da aka zubar a ƙofata, in ruwa ya sauka, a ƙofar Iya yake kwana.

A lokacin ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a Samaru. Kullum sai in hau bas in wuce Kwangila, in je in tsaya gaban ɗalibai ina bayanin yadda ƙasashen duniya ke zama su ƙulla yarjejeniya don a samu zaman lafiya. Ina son darasin nan, kuma ina son jin muryata a cikinsa. Ga shi ina karatun digiri na biyu, saboda haka kaina ya ɗan yi girma, ba zan ɓoye ba. Matata takan ce ko gishiri zan ce a miƙo mini sai na yi gabatarwa.

Iya Bayarbiya ce. Tana amarya aka kawo ta Sabon Gari daga Ogbomosho, tun ba a haife ni ba, kuma a Zariya aka binne mijinta. Hausarta ta fi tawa daɗi. Babu gidan da ba ya kai mata markaɗen tattasai ko waken alale, kuma babu amaryar da ta shigo layin ba ta sha faɗanta a kan wankin wake ba. Bayan tashin hankalin da aka yi a jihar, mutanen kudu da yawa sun kwashe kayansu sun koma gida. Ɗanta da ke Ibadan ya yi ta matsa mata ita ma ta koma, ta yi kunnen uwar shegu da shi. Sai a wata damina ruwa ya shiga ɗakinta har gwiwa. Nan ya samu dama, ya sa ta yi masa alkawari: duk ranar da ruwa ya sake shiga ɗakin, za ta bi shi. Kowa a layin ya san da alkawarin nan. Ni ma an gaya mini, amma da rabin kunne na ji.

Saboda Iya ne gyaran kwata ya zama babban abu a layinmu. Mai tsara shi Baba Hedimasta ne, wani dattijo Kirista daga kudancin Kaduna da ya yi ritaya amma ya ƙi rabuwa da usur ɗinsa na makaranta. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya sa rana, Asabar da safe. Maza su taru da shebur da manjagara da baro a ƙofar Iya, a fara daga kwalbati, a yi ta hawa gida-gida har a kai sama. Ba wanda ke gyara ƙofarsa shi kaɗai. A ƙofar gidanmu kuma akwai wani ƙaton dutse da aka toshe kwatar da shi, an tokare shi da buhunan yashi. Shi ake cirewa a ƙarshe. Yana tare sharar da ke gangarowa daga unguwar da ke bayanmu, yana karkatar da ruwan zuwa wani fili har sai an buɗe hanya a ƙasa. Wannan bayanin daga baya na same shi. A lokacin, ni dai dutse na gani a cikin kwata, na ɗauka sakacin mutanen layi ne.

Ranar Laraba Baba ya hau har ƙofata ya sanar da ni aikin Asabar. Na ce masa ina da gabatar da takarda a jami'a ranar. Maimakon in tsaya a nan, sai na ƙara da lacca. Na nuna masa cewa ɓata lokaci ne mutum ashirin su taru a kan ƙofa ɗaya, ya kamata kowa ya gyara gabansa a lokacin da ya samu sarari, haka ake rabon aiki a ƙasashen da suka ci gaba. Ya saurare ni har na gama, yana murmushi irin na wanda ya daɗe yana sauraron ɗalibai.

"Malam," ya ce, "mu daga ƙasa muke farawa."

Na ɗauka taurin kan tsofaffi ne kawai. Ranar Alhamis da yamma na naɗe ƙafar wando na shiga kwata, don kada a ce baƙon layi ya gudu wa aiki. Na kwashe ledojin ruwa da tsofaffin silifa da dagwalo har ƙasan siminti ya fito. Dutsen ne ya gagare ni. Matata ta leƙo ta ce in bari sai na tambayi Baba, na ce mata mutum ba ya neman izini kafin ya yi tsafta. Na shiga kicin na ɗauko taɓaryarta, na ɓanɓare dutsen da ita, na mirgina shi gefe. Na yi wanka ina jin kaina kamar wanda ya gina gada.

Ruwan bai jira Asabar ba. Ranar Juma'a, muna dawowa daga masallaci, sama ta yi baƙi ƙirin, kafin in cire takalmi ya ɓarke. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yadda ruwa ke gudu a gabana ba tangarɗa, ɗauke da sharar unguwa guda. Har na kira matata ta zo ta ga aiki. Ta zo ta duba, ta dubi ƙasan layi. Sai muka ji usur.

Lokacin da na isa ƙasa, kwatar ta toshe a tsakiyar layi, ruwan ya hau kan hanya ya miƙe ɗakin Iya. Mata sun ɗora ta a kan teburin injin, an riƙe mata lema. Maza sun yi layi daga cikin ɗaki zuwa waje, ana miƙa kaya hannu da hannu. Alhaji mai kanti yana cikin ruwa har ƙwauri da farar shaddarsa ta Juma'a. Kusa da shi ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran mota yana ɗauke da katifa a ka, yana ta faɗa da ruwan da Turancin buroka kamar ruwan zai ji kunya ya koma. Baba yana tsaye a kan bulo yana raba kaya: katifa gidan Alhaji, tukwane da rediyo gidan ɗan Ibo, hotuna da takardu gidansa. Kowane gida ya ɗauki abin da zai shanya. Mu aka ba mu akwatin zannuwa da wata 'yar kujera ta katako da Iya ke zama a kai in tana markaɗe.

Da ruwa ya ɗauke, Baba ya hau sama a hankali. Ya dubi dutsen a gefen hanya, ya dubi taɓaryar da matata ta jingine a bakin ƙofa da taɓo a jikinta, ya yi mini sannu da aiki ya juya. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Iya ba ta iya ƙarya ba. Washegari ta je wurin masu buga waya a ƙarƙashin lema ta gaya wa ɗanta ruwa ya shiga. Ya ce Asabar mai zuwa yana tafe da mota. Ni kuwa ban je Samaru gabatar da takarda ba, na aika a ɗaga mini. Na bi sahu aka gyara kwata daga ƙasa, aka ɗaga dokin ƙofar Iya da bulo biyu, ni ne mai kwaɓa siminti. Ba wanda ya tayar mini da zancen dutsen, amma duk wanda ya gaji sai ya miƙo mini shebur ɗinsa.

Makon nan ban ji daɗinsa ba. Matata ta yi ta shan kunu, ta ce in ta je markaɗe hira ke tsayawa. A makaranta kuma, darasin da ya zo mini shi ne na ƙasashen da kogi ɗaya ya ratsa, da haƙƙin na ƙasa a kan na sama. Na rubuta kan darasin a allo, na tsaya ina kallonsa, na ce kowa ya buɗe littafi ya karanta da kansa. Abin da ya fi damuna Iya ce. Ta daina faɗa. Kana wucewa za ka gan ta zaune a kan bokitin da aka kifa, tana kallon layin kamar mai ƙirga gidajen. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin kaina ƙwarai.

Ranar Alhamis Baba ya kira ni ƙarƙashin bishiyar mangwaron ƙofarsa. Ya ce ɗan Iya ya ɗauka kwatar ce ba ta da kyau, kuma in dai haka ne dole uwarsa ta tafi, shi ma ba zai hana ba. Amma in ya san hannun mutum ɗaya ne ya jawo, wataƙila ya sake tunani. Ya ce shi ba zai ambaci sunan kowa ba, kuma ya hana kowa ambata. Daga nan ya shiga tambayata lafiyar iyali.

Ɗan Iya ya iso Asabar da hantsi da akori-kura. Mutum ne mai jiki, a layin nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta Alhaji. Ya tarar da ɗakin uwarsa wayam, sai gado da inji. Iya ta ce masa kayanta suna gidajen mutane, sai ya bi ya karɓo. Har yau ban san ko shiri aka yi ba, Baba dai ya rantse ba ruwansa. A gidan Alhaji aka ce katifa ba ta gama bushewa ba, ya zauna ya ci tuwo tukuna. A gidan ɗan Ibo rediyo kawai aka miƙo masa, aka ce makullin ɗakin ajiya yana kasuwa tare da maigida, ga sakwara kafin a aika. Matar Baba ta ba shi kunun gyaɗa, ta fito da hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da labarinsa, har da nasa yana tsirara a cikin baho. Duk gidan da ya shiga akwai wadda ta taɓa goya shi ko wanda ya taɓa zane shi. Sai bayan la'asar ya iso ƙofarmu, yana tafiya da ƙyar, ba abin da ke hannunsa sai rediyo. Rabin layi na biye da shi, Iya a tsakiyarsu.

Na fito da akwatin na ajiye. Ni da nake cika aji da surutu, sai da na yi gyaran murya sau uku. Na nuna masa dutsen, na gaya masa aikin da yake yi, na gaya masa an ce mini daga ƙasa ake farawa na ƙi ji. Na ce kwatar ba ta da laifi, ni ne na tura wa mahaifiyarsa ruwa.

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambayi aikina. Na ce koyarwa. Ya tambayi me nake koyarwa, na faɗa masa da ƙaramar murya. Ɗan Ibo ne ya fara fashewa da dariya, sai kowa ya ɗauka, har matata da ke bayan labule. Shi ma ɗan Iya ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Da aka lafa sai ya juya wurin uwarsa ya ce duk da haka alkawari alkawari ne.

"Na sani," in ji Iya. "Amma ka yini kana yawo, rediyo kawai ka samo. Can inda za ka kai ni, in ruwa ya shiga, gida nawa za su ɗauki kayana?"

Ya dubi gangaren layin, ya dubi rediyon da ke hannunsa, ya miƙa wa Baba shi. Washegari akori-kurar ta koma Ibadan ba komai a bayanta sai buhun albasa da Alhaji ya sa masa.

Iya ce ta yanke mini hukunci da kanta. Ta ce daga yau ni zan riƙa sa shebur na farko a kwalbatin ƙofarta, kuma ni zan cire dutsen a ƙarshe, bayan Baba ya busa usur. Haka na yi duk shekarun da muka zauna a layin. Darasin kogi kuma na koma na koyar da shi, da zanen layinmu a allo, ba tare da na faɗa wa ɗalibai wane ne mai gidan sama ba.

A cikin kwana biyu kayan Iya duk suka koma ɗakinta. Matata ta wanke 'yar kujerar nan ta ba ni in kai mata. Iya ta karɓa ta juya ta, ta miƙo mini, ta ce in mayar. Na ɗauka fushi ne bai huce ba, na fara ba ta haƙuri.

"Malam, ka cika surutu," ta ce. "Ka ajiye mini ita a can. In na hau sama, a ina kake so in zauna?"

Shekara da shekaru tana layin, ba ta cika hawa gangaren nan ba saboda ciwon gwiwa. Amma daga ranar, kusan kowace Lahadi in ta taso daga coci sai ta hau a hankali tana hutawa a ƙofar kowa, ta zo ta zauna a kan kujerarta a tsakar gidanmu, ta kama yi wa matata faɗa a kan wankin wake.