Damin Gwaggo

Ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Bodinga, kuma ina da wani hali da matata ta gaji da shi: ba na iya jin lissafi ya karkace in yi shiru. Halin nan ya bi ni har gidanmu a Horo Birni, shekara ta biyu bayan idon mahaifina ya rufe, ya daina gani.

Gonarmu ta saba ba da dami tamanin na gero. A ciki, bayan zakka, Baba yakan aika wa ƙanwarsa dami goma a Lambara, tun rasuwar mijinta. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri muka samu arba'in, amma ya aika goman nan cif. Da kaka ta zagayo aka samu sittin. Wana, wanda gonar ke hannunsa, bai son tayar wa tsoho hankali, sai ya gaya masa bara an yi asarar rabi, bana kuwa an samu ƙarin rabi. Baba ya yi hamdala, ya ce ashe mun koma inda muke, a ɗaure wa Gwaggo nata.

Wana ya harare ni don in kama bakina. Ban kama ba. Gidan ya ƙaru da baki uku, kuma na san sittin da kyar za ta kai mu damina.

Na share ƙasa a gaban tabarmar Baba, na ja layi biyu da tsinke, ɗaya bisa ɗaya, yadda nake yi wa ɗalibai a allo. Na kama yatsansa na bi da shi. Layin sama na dami ne, na ƙasa na kashi cikin ɗari. Na ɗora tamanin a kan ɗari, muka ja baya zuwa hamsin, muka tarar da arba'in. Sai na share na sake ja, na ce masa yanzu arba'in ita ce ɗarin, rabinta ishirin ne kawai, don haka ƙarin ya tsaya a sittin. Ban taɓa samun ɗalibin da ya gane da sauri haka ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina.

Ya daɗe yana shafa wurin da layin ya ƙare.

"Ashe ishirin ba su dawo ba," in ji shi. "To, a kai mata biyar. Kai da kay yi lissahin, kai za ka kai."

Washegari na bi amalanke zuwa Lambara. Gwaggo ta riga ta share rumbunta, ta sa an gyara jinkarsa. Ta tsaya tana kallo aka sauke dami biyar, ta ɗan jira, ta ga mai amalanke ya juya shanunsa. Ta dama mini fura, ta tambayi idon yayanta, ta sa mini albarka kamar kowace shekara.

Na zo da bayanina a shirye, har na tsinci tsinke a ƙofar gidan. Kunya ta hana ni jan layi ko ɗaya. Da zan tafi ta ce in gaya wa Baba ta gode, kada ya sa damuwa, ita kaɗai ce, ba ta cin abinci da yawa.