Waƙoƙin da Kaka Saratu ta raɗa mana

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kaka Saratu, kakar mahaifina. Ni tattaɓa-kunnenta ce, kuma na yi sa'a na tashi a gabanta a Azare, don ta daɗe a duniya har ita kanta ta daina lissafin shekarunta. Na so in rubuta yabo ne zalla, amma abin da ya faru ranar Lahadin da ta wuce ya hana ni.

Tana amarya ta zo ƙasar Katagum daga kudancin Bauchi, ta biyo mijinta da ke dafa abinci a asibiti. Ba ta yi boko ba. Hannunta dai ba ya zama: in ba saƙar faifai ba, to zanen ƙwarya, in ba shi ba, tana ɗura tsakuwa a ƙaramin duma tana haɗa caki. A majami'a ita ke buga tulu a zumuntar mata, kuma ko da ƙafa ta gaza, sai a ɗauko ta a kan babur, tulun na kan cinyarta. Abin da aka fi saninta da shi kuwa, duk jaririn da aka haifa a zuriyarta, ranar suna sai ta yi masa waƙarsa shi kaɗai. Har 'ya'yan maƙwabciyarta Hajiya Falmata, mutuniyar Yobe, kowa na da tasa. Da waƙar take kiranmu cin tuwo, da ita take rarrashinmu in an yi mana duka.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga majami'armu yau, ga manyan lasifika, ga kiɗan lantarki. Na san dariya za ta yi, ta ce in an ɗauke wuta sai Ubangiji ya jira a tayar da janareta ke nan? Amma ba na jin za ta yi fushi, don mace ce mai son sabon abu. Da an nuna mata abin da wayoyin nan da kowa ke yawo da su ke iya yi, da ta sa an ɗauki muryarta.

Ranar Lahadin muka taru don sujadar tunawa da ita. Wasu daga Kano, wasu daga Jos, wasu daga Abuja, mun yi anko, mun buga hotonta a jikin riguna, mun cika kujerun gaba. Bayan wa'azi sai Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata wadda ta koyi tulu a hannun Kaka, ta miƙe ta ce, "'Ya'yan Kaka, ku fito. Kowa ya ba mu waƙarsa mu ji."

Muka fito muka jeru. Yayana ya kalle ni, na kalli ƙanwar babanmu, ita kuma ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki na ce, "Talatu mai kukan safe, Ubangiji ya ji ki kafin mu," daga nan ban san abin da ke biye ba. Wani a cikinmu ya yi ƙoƙarin mayar da abin raha, ba wanda ya taya shi dariya. Ga mu nan jere, ga fuskar Kaka a ƙirjin kowannenmu.

Mama Rifkatu ta koma wurinta. Ta zauna ta jawo tulu, tsofaffin matan suka ɗauki caki, suka fara daga tawa. Suna gama ta wannan su kira sunan wancan. Mu masu waƙoƙin muna tsaye kamar baƙi, ana rera mana abinmu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin daɗin sunana kamar ranar ba.

Washegari na je gidan Mama Rifkatu, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ki koya mini."

Ta ce, "'Yar nan, ai ba tamu ba ce. Ajiya muka yi muku, kun daɗe ba ku zo karɓa ba."

Muka zauna a tabarma tana yi ina bi, har na riƙe tawa da ta yayana. Sai na roƙe ta ta marigayi babana. Ta rufe ido, ta ɗan yi amon a maƙoshi, ta tsaya, ta sake gwadawa. Can ta girgiza kai ta ce, "Wannan a cikinmu Mama Laraba ce kaɗai ta iya ta, ita kuma bara muka binne ta."

Abin da ya rage na Kaka ke nan, in za a faɗi gaskiya. Fayafayanta sun tsufa, gidanta an sake masa gini, hoton rigunan nan wanki zai cinye shi. Waƙoƙin kuwa suna nan a bakin tsofaffin da kowace shekara ake rage ɗaya. Na ɗage komawata Kano zuwa ƙarshen wata, kullum da hantsi ina tabarmar Mama Rifkatu. Abin da na samu zan kai wa masu shi. Ta babana kuwa, ba wanda zai sake rera ta a duniyar nan.